Hakkin Mai Waya Da Hakkin Mai Gona: Hukuncin Shari'a A Kan Masu Dakon Wutar Lantarki

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya cika alkawari ya zama alamar imani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, duk wanda ya tashi daga Wudil ya nufi Gaya, ko ya ratsa ƙauyukan ƙasar Ajingi, ba zai rasa ganin turaku da wayoyin lantarki sun keta gonakin gero da dawa da gyaɗa ba. Yawancinmu ba mu tunawa da su sai ran da wuta ta ɗauke. A ran nan kuwa mai injin niƙa ya naɗe hannu, mai walda ya rufe rumfa, mai sayar da ƙanƙara ya yi asara, maganin da ke bukatar sanyi a asibiti ya shiga haɗari. Sai ka ji ana ta la'antar NEPA, alhali kuwa tun shekarar 2005 aka rushe ta.

To, wa ke da waɗannan wayoyi? Me Shari'a ta ba shi, me kuma ta ɗora masa? Abin da za mu bayyana a yau shi ne, mai wayar lantarki ɗan dako ne kuma amintacce. Yana da hakkin ratsa gona, yana da hakkin karɓar lada, amma kowane ɗaya daga cikin hakkokin nan biyu yana tafe da wajibinsa, kuma ba ya halatta a riƙe ɗaya a saki ɗaya. Haka nan jama'ar da waya ta ratsa ƙasarsu, su ma akwai abin da ke wuyansu.

WA KE DA WAYAR?

Ba a yanke hukunci a kan abu sai an san siffarsa, saboda haka bari mu fara da bayanin yadda lamarin yake. A shekarar 1972 gwamnatin soja ta haɗe hukumar lantarki ta ECN da Hukumar Madatsun Kogin Kwara, ta kafa NEPA. A wancan zamani hannu ɗaya ne ke samar da wuta, shi ke dakonta, shi ke sayar da ita. Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ita ce ta tsattsaga wannan hukuma zuwa kamfanoni 18: shida masu samar da wuta, ɗaya mai dakonta, sha ɗaya masu rarraba ta ga jama'a. Dokar kuma ta kafa hukumar sa ido, wadda aka sani da NERC, mai ba da lasisi da yanka farashi. Ran 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa mafi yawan kamfanonin rarrabawa ga 'yan kasuwa, amma kamfanin dako, watau TCN, ya zauna a hannun Gwamnatin Tarayya. A 2023 aka yi sabuwar dokar lantarki wadda ta maye gurbin ta 2005, aka kuma buɗe wa jihohi ƙofar shiga wannan harka. Daga bisani aka cire aikin daidaita tafiyar wuta da lissafin kasuwarta daga TCN, aka danƙa wa wata hukuma dabam mai suna NISO, TCN ya saura da mallakar manyan layuka da tashoshi da kula da su.

Wutar da ke isowa gabashin Kano daga nesa take tasowa: daga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro, da kuma tashoshin iskar gas na kudancin ƙasa. Ana ɗaga ƙarfin turinta zuwa bolt 330,000 domin kada ta zurare a kan doguwar hanya, ta biyo ta Mando a Kaduna, ta sauka a babbar tashar Kumbotso. Daga nan a rage ta zuwa bolt 132,000 a tura ta ƙananan tashoshi. Waɗannan matakai biyu na TCN ne. Daga bolt 33,000 zuwa ƙasa, har taransfomar unguwa da wayar da ta shiga gida, wannan yankin kamfanin rarrabawa ne, watau KEDCO, wanda lasisinsa ya ƙunshi Kano da Katsina da Jigawa. Saboda haka dogayen hasumiyoyin ƙarfe na mai dako ne, turakun siminti da na itace da muke gani a cikin gari kuwa na mai rarrabawa ne. A wajen Shari'a dukansu biyu masu waya ne, hukuncin ratsa gona da na lamunin ɓarna ɗaya ne a kansu. Bambancin kawai shi ne mai rarrabawa ya ƙara da zama mai sayarwa.

Akwai wata siffa ta lantarki da ya kamata 'yan kasuwa su lura da ita. Ba hatsi ba ce balle a zuba ta a rumbu. A kan layin ƙasa, lokacin da aka samar da ita lokacin ake shanye ta, in kuwa abin da ake samarwa da abin da ake ja suka yi mummunan saɓani, sai layin gaba ɗaya ya durƙushe, kamar yadda ya faru sau da dama a 2024. Ashe ke nan mai dakon wuta ba shi da damar cewa a dawo gobe. Amfanin aikinsa duka yana cikin isarwa a kan lokaci.

WANE IRIN ƘULLI NE WANNAN?

Allah Ya buɗe Suratul Ma'ida da umurtar muminai su cika ƙulle-ƙullen da suka ɗaura, kuma malamai sun ce wannan umurni ya game ciniki da haya da kowace yarjejeniya da ba ta saɓa wa Shari'a ba. Lasisin da hukuma ta ba mai waya ƙulli ne. Yarjejeniyar da ke tsakaninsa da masu samar da wuta da masu rarraba ta ƙulli ce. Takardar da mai shago ya cika ran da aka ja masa wuta ita ma ƙulli ce. Kuɗin da mai shago a Gaya yake biya kuwa ba a aljihu ɗaya yake tsayawa ba, ana kasa shi tsakanin mai samarwa da mai dako da mai rarrabawa. Don haka ko da bai taɓa ganin ofishin mai dako ba, guminsa yana cikin ladan da mai dako ke karɓa.

Mai dako ba shi ne mai wutar ba. Ɗaukarta yake yi daga wani wuri zuwa wani a kan lada sananne. Wannan a fiƙihu shi ne babin ijara da kira'i, watau ƙodago da haya, kamar mai raƙuma a zamanin fatake, ko mai babbar mota a yau. A cikin Risala, Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ya kawo hukuncin mai jirgin ruwa, wanda ya yi daidai da maganarmu ƙwarai. Ma'anar abin da ya faɗa ita ce, ba a ɗora wa mai jirgi biyan kayan da suka salwanta, amma kuma ba ya cin kuɗin dako sai in ya kai kaya inda aka yi da shi. Ku dubi adalcin wannan hukunci. An sauke masa nauyin abin da ya fi ƙarfinsa, an kuma hana shi ladan aikin da bai kammala ba.

Sa'an nan mazhabarmu ta Malikiyya ta tsananta a wurare biyu saboda maslahar jama'a. Na farko, masu sana'a da suka kafa kansu domin yi wa kowa aiki, kamar marina da maɗinka, ana lamuntar da su kayan da suka ɓace a hannunsu, sai fa in sun kawo shaida cewa ba da sakacinsu ba ne. Na biyu, mai dakon abinci ana lamuntar da shi, saɓanin mai dakon sauran kaya, domin abinci abu ne da hannu ke saurin kai masa, kuma rayuwar mutane a kansa take. Wanda ya riƙe hanya ɗaya tilo da wutar jihohi ke bi, babu wani ɗan dako na biyu da za a koma wa, shi ya fi cancanta a ce nauyin kawo hujja yana kansa. Ba talaka ne zai tabbatar da sakaci ba, mai waya ne zai tabbatar da cewa ya yi iyakar abin da ya wajaba. Saboda wannan kaɗaitaka ne ma doka ta wajabta masa ya buɗe layinsa ga duk mai lasisi ba tare da fifiko ba, kuma ba shi ke yanka wa kansa lada ba, hukuma ke yankawa.

Misalin da ba a manta ba shi ne na watan Oktoba 2024. Tun kafin lokacin maɓarnata sun lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Mando, a yankin da 'yan bindiga suka addaba, aka koma dogaro ga layin da ya taso daga Ugwuaji ta Jihar Inugu zuwa Apir ta Jihar Binuwai. Ran 21 ga watan shi ma wannan ya faɗi, yawancin jihohin Arewa, har da Kano, suka kwana cikin duhu fiye da mako guda. Malamanmu suna da babin da suke kira ja'iha, watau annobar da ba a iya tunkuɗe ta, kamar fari da fara da ambaliya, kuma sun lissafa rundunar mayaƙa a ciki, sun yi saɓani a kan ɓarawo. Asalin babin a kan 'ya'yan itatuwa ne, amma ma'aunin da ke cikinsa yana da amfani a nan: abin da ba a iya tunkuɗewa uzuri ne, abin da ake iya tsarewa da gadi ko gyara ko tanadin hanya ta biyu ba uzuri ba ne. Kuma ko uzurin ya tabbata, iyakarsa ya kare mai waya daga biyan diyya. Ba ya halatta wa kowa ya karɓi kuɗin wutar kwanakin da ba a sha ba.

HAKKIN RATSA GONA

Waya ba ta tafiya a sama ita kaɗai, dole turke ya tsaya a ƙasar wani. Shin ya halatta a tilasta wa mai gona? Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa labarin Dahhak ɗan Khalifa, wanda ya so ya ja magudanar ruwa ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi. Da magana ta je gaban Sayyidina Umar, sai ya nuna wa mai gonar cewa abin zai amfane shi kuma ba zai cuce shi ba, da ya dage a kan ƙi, Umar ya hukunta a wuce da ruwan. Wannan shi ne asalin abin da malamai ke kira hakkin irtifaƙi, watau hakkin amfani da ƙasar wani domin bi ko jan ruwa. Mu Hausawa mun san irinsa tun kaka da kakanni, shi ne burtali.

Amma an ruwaito cewa Malik da kansa bai ga a riƙa tilasta mutane da wannan hukunci a zamaninsa ba, domin amana ta yi ƙaranci, yana tsoron in zamani ya tsawaita a manta asalin magana, mai magudana ya wayi gari yana da'awar gonar. Wannan tsoro darasi ne gare mu. Idan aka ratsa gona, to a rubuta: faɗin nawa aka ɗauka, me aka biya, me aka bar wa mai gona ya ci gaba da yi.

Game da karɓar ƙasa domin amfanin jama'a, Sayyidina Umar da Sayyidina Usmanu sun sayi gidajen da ke kewaye da Masallacin Ka'aba domin faɗaɗa shi, waɗanda suka ƙi sayarwa aka ajiye musu kuɗinsu. Ba a ce da su tun da aikin Allah ne su tafi haka nan ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta tattara sharuɗɗan wannan babi: ya zama shugaba ne ko wakilinsa ya karɓa, ya zama don bukatar jama'a ta gaskiya, a biya diyya nan take, ta adalci, wadda masana suka ƙiyasta, ba ta gaza farashin irin wurin ba, kuma kada a karɓe da sunan jama'a a juya shi ya zama jarin wani.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun Gwamna bisa amana, ta ba shi ikon soke hakkin zama saboda bukatar jama'a, ta kuma tanadi diyya, amma diyyar ta fi karkata ga abin da ke bisa ƙasa, watau gini da shuka da itatuwa. A nan ne aikin ma'aikacin gwamnati yake da nauyi. Ɗorawa ko tsamiya ko mangwaron da aka sare ba itacen girki ba ne kurum, abinci ne da kuɗin shiga na shekaru masu yawa. Gurbin da ƙafafun hasumiya suka zauna kuwa ya fita daga noma har abada. Mai ƙiyasi da ya rage adadin itatuwa, ko ya cusa sunayen da ba su da gona a wurin, ko ya ce sai an ba shi kaso kafin takarda ta fita, ya tuna da gargaɗin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi a kan wanda ya zalunci ko da taƙi ɗaya na ƙasa, da kuma yadda ya tsawata wa Ibnul Lutbiyya, ma'aikacin zakka da ya dawo yana cewa wani kaso kyauta aka ba shi.

Akwai kuma zaluncin da ke faruwa a cikin gida bayan an biya. Yawancin gonakinmu na gado ne da ba a raba ba. Diyyar irin wannan gona ba ta babban wa ba ce don shi ya sa hannu. Ta dukan magada ce, mata da marayu a ciki, kowa gwargwadon rabonsa. In gonar tana hannun mai aro ko mai haya, diyyar shukar da aka tattake ta wanda ya shuka ce, ta itatuwa da ta ƙasa kuwa ta mai gona ce.

Bayan an biya, mai waya ya sami abin da fiƙihu ke kira harimi, wanda daga gare shi muka sami kalmar hurumi: filin da ake bar wa rijiya ko kogi ko itace domin amfaninsa ya cika. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi bayanin irin waɗannan hukunce-hukuncen ƙasa a littafinsa Ta'alimur Radi. Ƙa'idar lantarki ta Nijeriya ta yanka wa layin bolt 330,000 hurumin mita 50, na 132,000 mita 30, na 33,000 da na 11,000 kuwa mita 11, rabi a kowane gefe. Gina gida ko rumfar kasuwa a cikin wannan fili shiga hakkin wani ne, kuma jefa rai ne cikin halaka, domin babbar wuta tana iya tsallakowa ta kama mutum ko bai taɓa waya ba.

WAJIBIN KULA DA KAYA

Ƙa'ida ce tabbatacciya a Shari'a cewa wanda ke cin amfanin abu shi ke ɗaukar nauyinsa. Mai gidan haya shi ke gyaran rufi. Haka nan turke da waya da taransfoma, gyaransu da sauya su yana kan kamfanin da ke karɓar kuɗi ta hanyarsu, kuma hukumar NERC ta sha nanata cewa ba aikin masu shan wuta ba ne su sayi waɗannan kaya. Amma sanannen abu ne a garuruwa da ƙauyukan ƙasar nan, taransfoma ta ƙone, a yi wata da watanni, daga ƙarshe jama'a su yi karo-karo su gyara. In sun yi haka da niyyar sadaka, Allah Ya ba su lada. In kuwa tilas ce ta sa, to kuɗinsu bashi ne a kan mai kayan. Hanyar tsare wannan hakki ita ce a yi yarjejeniya a rubuce da kamfani tun kafin a kashe ko kwabo, a faɗi yadda za a mayar, ko da ta hanyar rage kuɗin wuta ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Haka kuma sauyin masu kamfani ba ya kashe wajibi. Kamfanin rarrabawa na Kano ya shiga hannun 'yan kasuwa a 2013, a 2022 bankin da ya ba su rance ya karɓe ragamarsa, daga baya wasu masu jari suka shigo. Duk wanda ya gaji turaku da masu biya, ya gaji alkawuran da ke rataye da su.

Game da ɓarnar da kaya ke jawowa, malamanmu sun yi magana a kan katangar da ta karkata. Idan aka gargaɗi mai ita a gaban shaidu, ya sami lokacin gyara bai gyara ba, ta faɗi ta kashe mutum ko dabba, to lamuni yana kansa. Turken da ya rube da wayar da ta yi lanƙwasa har tana shafar kan mai tafiya a kan amalanke, hukuncinsu ke nan, har ma sun fi, domin kamfani yana da ma'aikatan da aikinsu ke nan su duba. Saboda haka idan kun ga irin wannan a Kademi ko Toranke ko Balare, kada ku tsaya ga faɗa da baki. Mai unguwa ko dagaci ya rubuta takarda da kwanan wata, a kai ofis, a karɓo shaidar an kai. Takardar nan ita ce shaidun da fiƙihu ya ambata.

MUDU DA AWO

Sharaɗi ne na ingancin ciniki a san abin da aka saya da yawansa da farashinsa. Mita ita ce mudun lantarki. Takardar kuɗin da aka rubuta da ka, ba tare da awo ba, ta ƙunshi jahilci da garari, kuma duk ɗan kasuwa ya san ba zai yarda a sayar masa da buhun da ba a auna ba a kan farashin da mai sayarwa zai faɗa bayan an cinye. Lalura tana iya sa a yi ƙiyasi na ɗan lokaci, amma lalura ana auna ta gwargwadonta. A 2020 NERC ta sa iyaka ga abin da za a iya rubuta wa marar mita. A shekarar ce kuma aka kasa masu shan wuta rukuni biyar bisa sa'o'in da aka yi musu alkawari a kwana: rukunin A sa'a 20, B 16, C 12, D 8, E kuwa 4, kowane da farashinsa. A watan Afrilu 2024 aka ɗaga farashin rukunin A zuwa Naira 225 a kan kowane awo. Wannan tsari ya mai da sa'o'i sharaɗi a cikin ƙulli. Wanda ya karɓi kuɗin sa'a 12 ya ba da 5, ya shiga cikin masu tauye mudu da Suratul Muɗaffifina ta yi wa narko. In mai rarrabawa ya ce laifin mai dako ne, to ya bi mai dako da hakkinsa bisa yarjejeniyar da ke tsakaninsu. Ba a ɗora wa mai shago asarar ƙullin da ba ya ciki.

ABIN DA KE WUYAN JAMA'A

Adalci ba ya tsayawa da ƙafa ɗaya. Wanda ya sha wuta wajibi ne ya biya, jinkirin mai hali kuwa zalunci ne. Zagaye mita, da rataya waya da dare, da ba ma'aikaci na goro don ya shafe bashi, duk cin dukiya ne da ɓarna. Wasu suna kafa hujja da hadisin da ya nuna mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Amsa ita ce, wannan a kan abin da yake a sake ne, wanda ba wahalar kowa a ciki. Ruwan kogi na kowa ne, amma wanda ɗan garuwa ya ɗebo ya zama nasa, ya halatta ya sayar. Wutar da aka kashe dukiya aka samar, aka yi dakonta ɗaruruwan mil, ta fi kama da ruwan garuwa. Wasu kuma suna cewa ai an cuce mu, mu ma mu rama. Wanda aka cuta yana da ƙofar ƙara: ofishin koke na kamfani da fari, sa'an nan zauren sauraron koke na NERC, sa'an nan hukumar kanta. Satar wuta ba ta faɗa wa kamfani shi kaɗai, tana ƙona taransfomar unguwa, tana kuma ƙara nauyi a kan maƙwabcin da ke biya.

Mafi muni shi ne kwance ƙarafan hasumiya, da yanke waya, da tsiyaye man taransfoma. Wannan ɓarna ce a bayan ƙasa, cutarta tana kan dubban mutane. Ɓarawo kuwa ba zai kwance ba sai ya san akwai mai saye. Tarihin Kano ya nuna cewa maƙeran farko da suka zauna a gindin Dala daga Gaya suka fito, suna neman tama. Mutanen da suka gaji sanin ƙarfe haka ba za a ce ba su iya bambanta ƙarfen hasumiya da tsohuwar garma ba. Ɗan gwangwan ko maƙerin da ya sayi abin da ya san na sata ne, ko alamu suka nuna masa haka, abokin tarayya ne a cikin zunubi da lamuni, kuma cinikin bai mallaka masa kome ba.

To, jama'a, ga abin da ya rage gare mu. Mai gona ya nemi takarda kafin a kafa turke, ya raba diyya bisa gado. Ɗan kasuwa ya nemi mita, ya san rukunin layinsa, ya riƙa rubuta sa'o'in da ya sami wuta kamar yadda yake rubuta bashi, ya kuma biya abin da ya sha. Ma'aikaci ya ƙiyasta da gaskiya, ya tsare hannunsa. Hakimai da dagatai da limamai na Gaya da Ajingi su hana gini a hurumin waya, su sa ido a kan masu sayen ƙarfe. Masu waya kuma su sani lasisin da ke hannunsu amana ce, kuma akwai ranar da za a tambayi kowane mai kiwo game da abin da aka ba shi kiwo.

Allah Ya ba mu ikon cika alkawari, Ya tsare mu daga cin hakkin bayinSa. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.